Kafin matuƙan jirgi su kaɗa ƙuri'a kan sabuwar yarjejeniyar aiki: me suke dubawa?

A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925, kuma tun zamanin Kabo Air har zuwa Max Air da Azman da Rano Air ba a rasa ɗan gari a kujerar tuƙi ba. Shi ya sa idan aka ji cewa ƙungiya ta kawo wa matuƙa daftarin sabuwar yarjejeniya, wasunsu kuma suna ja da baya, maganar kan iso har tsakar gida. Uba ya dubi ɗansa ya ce, "Kai ɗan nan, an ƙara maka kuɗi kuma kana jayayya?" Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba kuɗin ne kaɗai ke cikin takardar ba." Ɗan ne ke da gaskiya, ga kuma dalilai.

Mece ce wannan yarjejeniya, kuma su wa ke rubuta ta?

Takarda ce da kamfani da ƙungiyar ma'aikata ke sa wa hannu a madadin dukkan matuƙan kamfanin, maimakon kowa ya shiga ofis ya yi cinikinsa shi kaɗai. Ta ƙunshi albashi da alawus, sa'o'in aiki, hutu, ƙarin girma, horo, ladabtarwa da sallama. A Najeriya ƙungiyar NAAPE ce ke wakiltar matuƙa da injiniyoyin jirgi, sauran ma'aikatan fannin kuma suna cikin ƙungiyoyi irin su NUATE da ATSSSAN. A Amurka babbar ƙungiyar matuƙa ita ce ALPA, wadda aka kafa a 1931.

Wakilan ɓangarorin biyu kan yi watanni suna zama, wani lokaci shekaru. Abin da suka fito da shi daftari ne.

Tunda shugabanni sun amince, me ya sa sai an sake kaɗa ƙuri'a?

Saboda ba shugabannin ne kaɗai za su tashi da asuba su yi aiki da abin da aka rubuta ba. A ƙungiyoyin da suka tsayu da ƙafafunsu, ana raba wa mambobi daftarin, a yi tarukan bayani, sannan kowa ya zaɓa. Kuma ƙuri'ar ba ta jeka-na-yi-ka ba ce. A watan Maris na 2023 matuƙan kamfanin Delta a Amurka sun amince da yarjejeniyar da ta ƙara musu kashi 34 cikin 100 a tsawon shekarun da za ta yi aiki. Watanni huɗu bayan haka, matuƙan FedEx, kamfanin dakon kaya, suka yi watsi da nasu daftarin da ƙuri'a kashi 57, alhali akwai ƙarin kusan kashi 30 a ciki, kuma shugabanninsu ne suka kawo shi. Cikin abubuwan da suka hana su amincewa har da sashen da ya kamata ya hana kamfani miƙa aikinsu ga wasu kamfanoni, wanda suka ga bai da ƙarfi. Mutum ya ga kashi 30 ya ce a'a, to ya karanta shafukan baya ne.

To shi ƙarin albashin, ta yaya ake gane ko ƙari ne na gaske?

Da farko a san yadda ake biyan matuƙi. A kamfanoni da yawa akwai albashi tsayayye, sannan akwai kuɗin kowace sa'a da aka tashi, wadda ake ƙirgawa daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake fake zuwa lokacin da ya tsaya a inda ya sauka. Idan aka ƙara kuɗin sa'a amma ba a rubuta mafi ƙarancin sa'o'in da dole a biya a wata ba, ranar da jirgi ya tafi gyara ko kamfani ya rage zirga-zirga, ƙarin ya bi iska.

Na biyu, kuma a nan namu ya bambanta da na Amurka: naira. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a farkon 2023 kan yarjejeniyar shekara uku da ƙarin kashi 40, ba tare da wani sashe na sake duba albashi ba, ya wayi gari da albashin da a dala bai kai rabin na da ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba ya yanke farashin bashin shekara uku a kan atamfar da da dala ya shigo da ita, matuƙi ma bai kamata ya yi ba. Don haka tambayar ita ce: akwai sashen da ya ce za a sake zama duk shekara, ko idan canji ya wuce wani mataki? Alawus ɗin kwana a Jidda ko Alƙahira, da wane kuɗi za a biya shi?

Akwai kuma tsohon miki na bambanci tsakanin matuƙan gida da waɗanda aka ɗauko daga waje ana biyansu da dala. Wannan na cikin ƙorafe-ƙorafen da suka kai ga yajin aikin da NAAPE ta yi a kamfanin Bristow mai jirage masu saukar ungulu a watan Agusta na 2020. Daftarin da ya yi shiru kan wannan batu ya bar rigima a gaba.

Me ya sa matuƙa ke nacewa kan hutu da jadawali haka?

A ganina nan ne zuciyar yarjejeniyar take, kuma nan ne aka fi yi wa mutane wayo.

A ɗauki wata safiya ta hunturu a filin jirgin Malam Aminu Kano. Matuƙi ya iso ƙarfe biyar da rabi don tashin ƙarfe bakwai zuwa Abuja. Ya duba rahoton yanayi, ya zagaya jirgi da tocila, ya sa hannu kan takardar mai. Hazo ya sauko, daga ɗakin jira ba a hango ƙarshen titin jirgi. Aka ɗaga tashi zuwa tara, daga nan zuwa sha ɗaya. Yana zaune cikin kayan aiki, shayinsa ya huce, yana duba waya ko an samu sauyi. Aka tashi da azahar, kuma sauran zangon ranar suna nan: Abuja, Legas, dawowa Kano. A takardar biya sa'o'i huɗu ko biyar ya tashi. A jikinsa, tun kafin kiran sallar farko yake tsaye.

Doka ta sa iyaka. A yawancin ƙasashe matuƙi ba ya wuce kimanin sa'o'i 100 na tashi a wata da 1,000 a shekara, akwai kuma iyakar tsawon aiki a yini, kuma a nan NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ce ke sa ido. Amma doka katanga ce ta ƙarshe. Ana iya tsara jadawalin da bai karya doka ko sau ɗaya ba, ya kuma gajiyar da mutum matuƙa: asuba huɗu a jere, sai dare, sai ranar hutun da aka ce ka zauna kusa da waya ko za a neme ka. Yarjejeniya ce ke cike wannan giɓi. Kwana nawa kafin wata ya kama za a fitar da jadawali? Sau nawa kamfani zai iya canza shi? Hutu daga yaushe yake farawa, daga saukar jirgi ko daga isa masauki? Wanda ya san cunkoson Legas ya san tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun. Lokacin jigilar alhazai, da ake tashi dare da rana na makonni, wane tanadi aka yi?

Sai babbar tambaya: idan matuƙi ya ce, "Na gaji, ba zan iya tashi ba," me zai biyo baya? Idan za a yanke masa kuɗi ko a ba shi takardar tuhuma, ba zai sake faɗa ba. Zai wanke fuska ya hau.

Amurka ma sai da ta yi asara kafin ta gyara. A watan Fabrairu na 2009 jirgin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo, mutum 50 suka mutu. Bincike ya ɗora alhakin a kan kuskuren tuƙi, amma ya kuma nuna cewa matuƙan biyu ba su samu barcin kirki ba, mataimakiyar ma kwana ta yi tana tafiya daga wancan gefen ƙasar don ta iso wurin aiki. Dokar da ta fara aiki a 2014 ta wajabta hutun sa'o'i 10 kafin aiki ga matuƙan jiragen fasinja, da damar barcin sa'o'i 8 ba katsewa.

Ana maganar bashin horo. Mene ne shi?

Lasisin da saurayi ya samo daga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, bai isa ya hau Boeing 737 ba. Kowane nau'in jirgi da horonsa na musamman, kuma duk wata shida ana komawa na'urar kwaikwayon tuƙi a sake gwaji, sau da yawa a ƙasar waje, da dala. Idan kamfani ya biya, yakan sa matuƙi ya sa hannu cewa zai yi masa aiki na wasu shekaru ko ya biya kuɗin. Wannan ba zalunci ba ne a kan kansa, kamfani ma kuɗi ya kashe. Abin dubawa shi ne ko bashin yana raguwa duk wata, da kuma ko yana faɗuwa idan kamfanin ne ya daina biyan albashi. In ba haka ba, an ɗaure mutum a inda ba a biyansa.

Kusa da wannan akwai inshorar lasisi. Matuƙi yana zuwa gwajin lafiya aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma ciwon zuciya ko na ido na iya raba shi da sana'arsa yana ɗan shekara 40. Mai iyali ya nemi wannan sashe da idonsa.

Me ya sa kyaftin da mataimakinsa kan saɓa a kan takarda ɗaya?

Don ba abu ɗaya ke gabansu ba. A ƙa'idar duniya matuƙin jirgin fasinja yana sauka daga kujera a shekara 65. Wanda saura masa shekara huɗu yana kallon kuɗin hannu da garatuti. Mai shekara 28 yana kallon yaushe zai koma kujerar hagu ya zama kyaftin, da ko jerin daɗewa a aiki za a bi ko kuwa sai wanda ya san wani. Wani daftarin yakan kare tsofaffi ya rage wa waɗanda za a ɗauka nan gaba, waɗanda ba su da ƙuri'a tukuna. Irin wannan ya fi sauƙin wucewa, kuma shi ya fi raba kan ƙungiya daga baya.

Idan kamfanin ya durƙushe fa?

A ƙasar nan ba tambayar wasa ba ce. An rushe Nigeria Airways a 2003, ma'aikatanta suka yi shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, sai a 2018 gwamnati ta amince da sakin wani kaso mai yawa, bayan da yawa daga cikinsu sun rasu. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8, kamfani kashi 10. Matuƙi ya buɗe asusunsa ya gani ko kuɗin suna shiga, domin cirewa daga albashi daban, turawa daban. Daftarin kuma ya fayyace wa za a fara sallama idan aka rage ma'aikata, da abin da za a ba shi.

Sa hannu kawai ya isa ta zama doka?

Shekaru da dama kotunan Najeriya suna ɗaukar irin wannan yarjejeniya a matsayin alkawarin mutunci, ba za a tilasta ta ba sai an shigar da ita cikin takardar ɗaukar aikin kowane ma'aikaci. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya ba ta hurumin fassara irin waɗannan yarjejeniyoyi, kuma dokar rikicin ƙwadago ta ce a kai kwafi ga ministan ƙwadago. Duk da haka, mafi aminci shi ne a rubuta ƙarara cewa sharuɗɗan sun zama ɓangare na kwantiragin kowane matuƙi. Layi ɗaya ne, amma lauyoyi sun san nauyinsa.

Idan suka ƙi amincewa, sai yajin aiki?

Ba nan take ba. Yawanci tebur ake komawa. A Amurka dokar 1926 da aka yi don jiragen ƙasa, aka faɗaɗa ta zuwa jiragen sama a 1936, ta sa tsohuwar yarjejeniya ta ci gaba da aiki, kuma ba a yaji sai hukumar sasanci ta sallami ɓangarorin an kuma jira kwana 30. A Najeriya akwai matakan sasanci, da kwamitin sulhu, da kotun ma'aikata, ga kuma tanadin "ba aiki, ba biya". Dokar sufurin jiragen sama ta 2022 ta sa fannin cikin ayyukan da ba a so su tsaya, abin da ƙungiyoyi suka yi ta adawa da shi.

Ƙin amincewa ma yana da tsadarsa. Duk watan da aka ƙara ana ciniki, a tsohon albashi ake, sai in an yarda za a biya bambancin daga baya, kuma ba tabbas daftari na biyu ya fi na farko. Kamfanonin ma da dala suke sayen kayan gyara da biyan hayar jirgi, ga tsadar man jirgi, kuma wanda aka matsa masa fiye da ƙarfinsa yana iya ajiye jirage.

Ni fasinja, ina ruwana?

Ƙila tikiti ya ɗan ƙara kuɗi, kodayake mai da canjin dala sun fi albashin matuƙa tasiri a kan farashi nesa ba kusa ba. Abin da ya fi shafarka shi ne wanda ke gaban jirgin. Idan sharuɗɗa suka yi tsanani, ƙwararrun kyaftin suna tafiya kamfanonin ƙasashen Larabawa, a bar sababbi ba mai koya musu. Idan kuma wata rana aka sanar a ɗakin jira cewa an soke tashin dare saboda sa'o'in aikin matuƙa sun cika, haushi zai kama ka, kuma kana da haƙƙin neman kamfani ya kula da kai kamar yadda dokokin NCAA suka tanada. Amma kada ka huce a kan matuƙin. Sashen da ke kare shi idan ya ce ba zai tashi ba, cikin irin wannan takarda aka rubuta shi.