Kiranog: tsibiran da mutane suka gina a tafkunan Sikotland

Kiranog, wanda ake rubutawa crannog, ƙaramin tsibiri ne da mutanen dā suka gina da hannunsu a cikin tafki, galibi kusa da gaɓa, suka kafa gida a kai. An fi samunsu a Sikotland da Ailan. Sunan ya fito daga kalmar harshen Gaelic mai nufin itace. A Sikotland kaɗai an san ɗaruruwansu.

Gini

A inda daji yake, ana kafa turaku a ƙasan tafki, a shimfiɗa gungumen itace da rassa, sannan a ɗora ɗaki mai zagaye. A tsibiran Hebrides, inda itace ke wuya, duwatsu ake jibgawa. Wasu suna da siririyar hanya zuwa gaɓa, wasu sai da kwalekwale.

Tarihi

An daɗe ana ɗauka cewa yawancinsu na zamanin ƙarfe ne, wato lokacin da mutane suka fara ƙera kayan aiki da ƙarfe. Amma tukwanen da wani mai nutso ya tsinto a tafkunan tsibirin Lewis na Hebrides a 2012 sun kai ga binciken da ya nuna wasu sun kai kusan shekara 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato sun girmi zamanin ƙarfe sosai. Wasu kuma an zauna a cikinsu har ƙarni na 17. Masanin kayan tarihi Robert Munro ya wallafa littafi a kansu a 1882, kuma a 1908 wani malamin coci, Odo Blundell, ya nutsa tafkin Ness ya duba tsibirin Cherry, wanda shi ma kiranog ne.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tono shi ne Oakbank a tafkin Tay, inda masanin kayan tarihi Nicholas Dixon ya fara aiki a ƙarƙashin ruwa a 1980. Laka mai sanyi ta adana kayan tamkar jiya aka ajiye su: katako, ƙwayoyin hatsi, har da akushin itace da ragowar man shanu maƙale a cikinsa, bayan kimanin shekara 2500.

Dalilin gina su kuwa ana taƙaddama a kai: tsaro, nuna isa, ko ibada.

Kariya

Da yawansu suna ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 1979, hukumar Historic Environment Scotland ce ke sa ido. Tono ko amfani da na'urar neman ƙarfe a irin waɗannan wurare ba izini laifi ne. Kwaikwayon kiranog da aka gina a tafkin Tay don baƙi ya ƙone a Yunin 2021, cibiyar da ke kula da shi ta koma Dalerb, wani wuri a bakin tafkin, a 2024.