Sinadaran tsirrai masu rage kumburi da ciwon zaizayewar gaɓoɓi

Ciwon zaizayewar gaɓoɓi, wanda likitoci ke kira ostiyo'atiraitis, mutanenmu kuma su haɗa shi da sauran ciwon jiki su ce sanyin ƙashi, yana samuwa ne idan guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙashi ya cinye, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, gaɓar ta kumbura ta sage. Gwiwa ya fi kamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum wajen miliyan 528 ne ke fama da shi, kuma mata sun fi yawa. Duk wanda ya ga dattijo a masallacin Agege a Legas yana sallah kan kujera, ko ɗan dako a kasuwar Mile 12 ya sauke buhun albasa ya dafe gwiwa, to ya ga irinsa.

Maganin da aka saba bayarwa su ne ibuprofen da diclofenac, suna aiki ba laifi amma in aka daɗe ana sha sai su jawo olsa, su taɓa ƙoda, shi ya sa masu bincike suka waiwayi tsirrai. Abin ma ba sabo ba ne, aspirin ɗin da kamfanin Bayer ya haɗa a 1897 asalinsa daga wani sinadari ne na ɓawon itace.

Wanda aka fi bincika shi ne kurkumin, sinadarin da ke ba kurkum ko gangamau launinsa na rawaya. Yana danne wasu sinadaran jiki masu hura wutar kumburi, har da COX-2, wanda su ibuprofen ma shi suke tarewa. A 2014 an yi gwaji a Tailan da mutum 367 masu ciwon gwiwa, wasu aka ba su tataccen kurkum miligiram 1,500 a rana wasu kuma ibuprofen miligiram 1,200 har sati huɗu, sauƙin da suka samu ya zo kusan ɗaya, masu kurkum ɗin kuma ba su yi kukan ciki sosai ba. Sai dai wani gwajin da aka yi a Ostareliya, aka fitar a 2020, ya nuna zafin ya ragu amma da aka ɗauki hoton gwiwar, guringuntsin yana nan yadda yake. Nan ne masu talla a motar haya ba sa kai wa, zafi yake ragewa, ba ya mayar da abin da ya cinye.

Kuma garin da ake aunowa a kasuwa daban, tataccen daban. Kurkumin ɗin da ke cikin gari ɗan kaɗan ne, hanji kuma ba ya tsotsarsa sosai, don haka ake haɗa shi da masoro saboda sinadarin piperin da ke cikinsa yana taimaka masa shiga jini.

Citta tana da sinadarin jinjarol, sauƙinta kaɗan ne kuma tana sa wasu ƙwannafi. Akwai ƙaron bishiyar Boswellia serrata ta Indiya, 'yar'uwar hano ɗinmu na Arewa, sai dai gwaje-gwajen a kan ta Indiya aka yi, kada a ɗauka duk ɗaya ne. Barkono kuwa shi ya fi ban mamaki, kafsaisin ɗin da ke ƙona baki shi ake sawa a man shafawa, in an shafa fata ta yi zafi, bayan 'yan makonni jijiyoyin wurin su gaji su rage kai saƙon ciwo. A wanke hannu kawai kafin a taɓa ido.

Cewa abu na tsiro ne ba ya nufin ba shi da illa. A 2019 Italiya ta samu mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan ƙwayoyin kurkum, kuma kurkum da citta na iya ƙara zubar jini ga mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa. A Legas kwalaben haɗi sun cika ko'ina, sai a duba lambar NAFDAC, in gwiwar ta kai ga hana tafiya kuma akwai asibitin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi, inda za a yi maganar rage ƙiba, motsa jiki, ko aikin canjin gwiwa.