Idan Ƙafa Ta Sage, A Binciki Gadon Baya

A hunturun da ya wuce, wani dattijo mai ɗinkin hannu daga cikin birnin Zariya ya shigo ɗakin da muke duba masu matsalar gaɓoɓi, ɗansa yana riƙe da shi. Tun kafin ya zauna na lura da tafiyarsa, domin yana ɗaga gwiwar dama sama fiye da ƙima kamar mai hawan matakala, sannan ƙafar ta faɗo ƙasa da ƙara, kuma ya ɗaure silifas ɗinsa da tsumma ta wajen diddige don kada ya suɓuce. Na gaishe shi, na ce, "Baba, sannunku, me yake damun ku?" Ya ce, "Ɗan nan, sanyi ne ya kama mini ƙafa. Wata huɗu ke nan ta sage, ko ƙasa na taka ji nake kamar auduga nake takawa." Da muka kwance tsumman, sai ga ƙuna a saman ƙafar, ta riga ta fara ruwa, shi kuwa bai san ranar da ya ƙone ba. Ɗansa ne ya tuna cewa kullum da dare ana ajiye masa kaskon wuta kusa da ƙafar domin a kore sanyin.

A cikin watannin nan huɗu an shafa wa ƙafar man zafi, an gasa ta, wanzami ya yi mata ƙaho, amma babu wanda ya taɓa tunanin ƙugu, alhali kuwa can ne tushen matsalar. Masu lambu a fadamar Galma sun san cewa idan wani ya taka tiyo a kusa da injin ban ruwa, tumatirin da ke can ƙarshen lambu shi ne zai fara yaushi, kuma duk wahalar da aka yi a gindin tumatirin ba za ta kawo ruwa ba sai an ɗaga ƙafa daga kan tiyon. Haka jijiyar ƙafa take idan aka danne ta a gadon baya.

Gadon bayan mutum ƙasusuwa ne 33 da aka jera a kan juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma a can ƙasa, yawancinsu a haɗe. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai na guringuntsi mai taushin ciki wanda yake aiki kamar matashi, ta cikin ramin da ke tsakiyar ƙasusuwan kuma laka take saukowa daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi 31 suna fita daga gare ta a kowane gefe. Waɗannan jijiyoyin saƙo ne, daban suke da jijiyoyin jini, su ne suke kai wa tsoka umarnin motsi, su kuma dawo wa ƙwaƙwalwa da labarin zafi da sanyi da taɓi. A jikin baligi, lakar tana ƙarewa ne daidai ƙashin ƙugu na farko ko na biyu, daga nan sai jijiyoyin su zubo ƙasa kamar gashin wutsiyar doki, kuma da wannan sunan ma likitoci suke kiran wurin. Daga cikinsu ne jijiyar da ta fi kowace girma a jiki take haɗuwa, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya, rassanta su kai har tafin ƙafa.

Mafi yawan lokuta faifan da yake bullowa ya danne jijiya shi ne wanda ke tsakanin ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar, ko wanda ke ƙasa da na biyar, shi ya sa mutum zai ga an rubuta L4 da L5 da S1, wato ƙashin ƙugu na huɗu da na biyar da ƙashin farko da ke ƙasa da su, a takardar sakamakon hotonsa. Kowace jijiya tana da yankinta. Idan ta L5 aka danne, saman ƙafa da babban yatsa ne suke sagewa, mutum ya kasa ɗaga tafin ƙafarsa sama, ya kasa tafiya a kan diddige, ya riƙa tuntuɓe a inda babu dutse, kamar dai yadda dattijon nan ya zo. Idan kuma ta S1 ce, gefen ƙafa ta wajen ƙaramin yatsa da tafin ƙafa ne suke sagewa, tsayuwa a kan yatsu ta gagara. Sau da yawa akwai zafi mai harbawa kamar wutar lantarki daga ɗuwawu zuwa ƙasa, wanda tari ko atishawa suke ƙara shi.

A wajen dattawa akwai wani nau'in daban, inda ramin da jijiyoyin suke bi yake tsukewa a hankali saboda shekaru. Mai wannan zai tashi lafiya, amma kafin ya kai masallacin unguwa ƙafafuwan sun yi nauyi sun sage, sai ya zauna ko ya sunkuya na 'yan mintuna su sake shi. Wasunsu suna mamakin yadda suke iya tuƙa keke daga Tudun Wada har Sabon Gari ba tare da wahala ba, amma tafiyar ƙasa kaɗan ta gagare su. Dalili shi ne sunkuyawa tana ɗan buɗe ramin.

Akwai kuma tarin fuka na ƙashin baya, wanda nake so a riƙe da kyau domin yana nan a tsakaninmu, kuma yana iya zuwa ba tare da tari ba. Alamominsa su ne ciwon baya da ba ya barin mutum barci, da rama, da zazzaɓin yamma, da zufar dare, wani lokaci har wani ƙashi ya turo kamar ƙusumbi, sannan ƙafafuwa su fara rauni. Yana warkewa idan aka kama shi da wuri, maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, sai dai ana shan sa kusan shekara guda ba yankewa. Mu mutanen Zariya muna da cibiyar ƙasa ta tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da mu. Hatsarin babur ko faɗowa daga bishiya, da ciwon daji da ya bazu zuwa ƙashin baya, su ma suna danne jijiya. Sannan ciwon sukari da kuturta da allurar da aka yi a ɗuwawu ba a daidai wurin ba duk suna sagar da ƙafa ko da baya lafiya yake, saboda haka gwajin sukari da duba fata suna cikin abin da ake fara yi kafin a yanke hukunci. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jijiya, hoton MRI ne yake nuna ta, kuma likita ne zai faɗi wanda yake buƙatar sa, tun da yana da tsada.

Mafi yawan masu faifan da ya bullo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba. Amma akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Idan mutum ya ji tsakanin cinyoyinsa ya sage, wato daidai wurin da yake taɓa kujerar babur, har ya zama ba ya jin ruwa idan yana tsarki. Ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba bai sani ba. Ko ya kasa riƙe bahaya. Ko ƙafafuwa biyu suka yi rauni tare. Ko raunin yana ƙaruwa daga jiya zuwa yau, to a ranar nan za a kai shi babban asibiti mai likitocin tiyatar ƙashin baya, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Wannan alama ce ta an danne wutsiyar dokin nan gaba ɗaya, kuma ana so a ɗage dannewar cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba mutum yana iya rasa ikon fitsari da bahaya har ƙarshen rayuwarsa. Na san kunya ce take hana faɗa. Uba ba ya iya gaya wa ɗansa cewa fitsari yana zubo masa, mace takan ɓoye har ga mijinta. Saboda haka nake roƙon masu jinya su yi tambayar da kansu, cikin ladabi, a keɓe, kada su jira a faɗa musu.

Wanda kuwa sagewar ta zauna masa, abu na farko da zai gane shi ne ƙafarsa ta daina ba shi labari. Zafi shi ne mai gadin jiki, shi yake sa mutum ya janye ƙafa daga garwashi ko ya cire ƙaya nan take, kuma idan mai gadin ya tafi dole ido ya karɓi aikinsa. Musulmi yana wanke ƙafa sau da yawa a yini wajen alwala, to ya mai da wannan lokacin na dubawa: ya kalli saman ƙafa da tafinta da diddige da tsakanin yatsu, ya nemi ja ko kumburi ko bororo ko faso mai jini, sannan ya tsane tsakanin yatsun. Wanda ba ya iya sunkuyawa ya sa madubi a ƙasa, ko jikansa ya duba masa. Ruwan wanka ko na alwala a gwada zafinsa da hannu kafin ya taɓa ƙafa. Kaskon wuta, da gashi da ruwan zafi, da tafiya ba takalmi a kan siminti da rana tsaka a watan Afrilu, da salansar babur, duk sun sha ƙona ƙafafuwan da muke wankewa. Sakiya kuwa a ƙafar da ta sage, wannan ina roƙo da babbar murya a bar ta, domin raunin da aka yi a irin wannan ƙafa yana jinkirin warkewa, ya koma gyambo, balle idan akwai ciwon sukari. Takalmi ya zama mai igiya ko maɗauri ta baya wanda yake riƙe diddige, a kuma zazzage shi kafin a sa, saboda tsakuwa ɗaya tana iya yini a ciki mutum bai sani ba.

Sanda ba abin kunya ba ce, amma mutane da yawa suna riƙe ta a hannun da ba shi ba. Ana riƙe ta ne a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya, a jefa ta gaba tare da ƙafa mai rauni, kuma tsawonta ya tsaya daidai wuyan hannu idan mutum yana tsaye ya saki hannunsa. Ga wanda tafin ƙafarsa yake faɗuwa, akwai wani abin tallafi na roba da ake sawa cikin takalmi, yana bin bayan ƙwauri ya riƙe ƙafar a miƙe, kuma yana rage tuntuɓe ƙwarai. A gida a kawar da tabarmar da bakinta ya naɗe, a haska hanyar banɗaki da dare, wanda tsuguno yake yi wa wuya kuma kafinta ya yi masa kujera mai rami a ɗora a kan masai, tare da abin dafawa a bango.

Kwanciyar da ta fi kwana ɗaya ko biyu tana ƙara raunin ne, domin tsokar da ba ta aiki tana shanyewa. A riƙa tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, a huta kafin ƙafar ta gaji. Kowace safiya da yamma a zauna a miƙe ƙafa, a zarga rawani ko zani a tafinta ta wajen yatsu, a ja a hankali na daƙiƙa 30, a maimaita wasu lokuta, domin kada idon sawu ya sandare yana kallon ƙasa. Sauran motsin kuwa sai ma'aikacin gashin ƙashi na asibiti ya duba mutum ya zaɓa masa, tun da abin da yake sauƙaƙa wa mai tsukewar rami yana iya tsananta wa mai bullowar faifai. Ɗan dako ya daina sungumar buhu daga ƙasa a sunkuye, ya durƙusa da gwiwa ya jawo kayan kusa da jikinsa, ko a kama masa. Uwargida ta ɗora bahon wanki a kan benci, ta sa wa tsintsiya doguwar ƙota. Masu ɗinki da masu tsaron shago su miƙe su ɗan zagaya duk bayan rabin awa. Game da salla, malamanmu sun sha karantar da hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kishingiɗe. Wanda ƙafarsa take yaudararsa a ruku'u ya yi amfani da wannan rangwame da kwanciyar hankali.

Maganin ciwo yana da amfaninsa, amma ba ya dawo da ƙarfin ƙafa. Haɗin ƙwayoyin da ake saya a ƙulle a leda ba suna ba takarda yakan ƙunshi irin su diklofenak biyu ko uku a lokaci guda, waɗanda shan su tsawon watanni yake jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, tiramol kuma yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. A tsaya a kan abin da likita ya rubuta. Idan an yi maganar tiyata kuma, a zauna a yi wa likita tambayoyi a fahimta, kada tsoron da aka ji a majalisa ya sa a gudu da marar lafiya.

Jijiyar da ta ji rauni tana farfaɗowa ne a hankali, idan tana sake tsiro takan yi kimanin milimita ɗaya ne a rana, kuma daga ƙugu zuwa yatsa tafiya ce mai nisa. Yawanci zafi ne yake fara tafiya, ƙarfi ya biyo baya, sagewa ita ce ta ƙarshe, wani lokaci ma wani ɓangarenta yakan zauna. Dattijon nan ƙunarsa ta warke bayan makonni ana wanke ta, kuma a zuwansa na baya-bayan nan ya cire takalminsa mai maɗauri da kansa, ya ce, "Ɗan nan, duba ka gani," ya ɗaga babban yatsansa kaɗan daga ƙasa. Saman ƙafar har yanzu a sage yake. Ya koma ɗinkinsa a kan kujera mai majingini, an mai da kaskon wuta can kusurwar ɗaki, jikarsa ce kuma take duba masa ƙafar kullum bayan sallar isha'i.