Bambancin sunayen magunguna tsakanin ƙasashe da shan maganin ciwo na dogon lokaci

Kusan duk wani maganin asibiti yana da suna fiye da ɗaya. Akwai sunan sinadari, dogo ne sosai sai dai masu ilimin haɗa magani, akwai sunan asali wanda likita yake rubutawa a takarda, sai kuma sunan kasuwa wanda kamfani ya raɗa masa ya buga da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Sunan kasuwan nan shi mutane suka fi riƙewa, kuma shi ne ya fi saurin canzawa da zarar an tsallaka boda, amma fa shi kansa sunan asalin ba ko'ina yake zama ɗaya ba. Wanda zai sha magani kwana biyu ya ajiye abin bai cika damunsa ba. Wanda abin yake kamawa shi ne mai ciwon baya ko gwiwa, mai sikila, mai sanyin ƙashi, mutanen da suke shan maganin ciwo wata da watanni har shekaru, don su ne suke tara kwalaye kala-kala a gida suna zaton magunguna ne daban alhali abu ɗaya ne a ciki.

Daga ina sunayen suke fitowa

Hukumar Lafiya ta Duniya ce take fitar da sunan asali na bai ɗaya a ƙarƙashin tsarin da ake kira INN, jerin farko ya fito ne a 1953. Sai dai Amurka tana da nata kwamitin raɗa suna, USAN, tun 1961, Birtaniya ma ta daɗe tana da nata sunayen, sai a ƙarshen 2003 ta koma bin na duniya, shi ya sa tsofaffin nas-nas da suka yi karatu da littattafan Ingila har yanzu za ka ji suna cewa frusemide da lignocaine, alhali a kwali furosemide da lidocaine ne a rubuce.

Misalin da ya fi shahara shi ne paracetamol. A Najeriya da Nijar da Ingila da Faransa da Indiya sunansa kenan, amma a Amurka da Kanada da Japan acetaminophen ake ce masa, duk sunayen biyu kuma daga dogon sunan sinadarin aka gutsuro su. Haka salbutamol na masu asma, a Amurka albuterol ne, allurar pethidine meperidine ce a can, glibenclamide na ciwon suga glyburide ne, adrenaline kuma epinephrine. In aka zo sunan kasuwa kuwa abin ba ya ƙirguwa, Panadol a Kano, Doliprane ko Efferalgan a Maraɗi da Yamai, Tylenol a Amurka, Crocin ko Dolo a Indiya, duk paracetamol ne.

Ba suna kaɗai ke canzawa ba har da ƙarfin ƙwayar. Panadol ɗin da aka saba da shi miligiram 500 ne, shi ya sa ake ɓallo biyu a kora da ruwa. Doliprane kuwa akwai mai 1000, Dolo akwai mai 650, to ɗan kasuwar da ya saba da biyu-biyu a gida in ya shiga famasi a Damagaram aka ba shi mai dubu ya ɓallo biyu kamar yadda hannunsa ya saba, ya sha giram 2 kenan lokaci guda, ninkin abin da ya kamata.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari, wato suna ɗaya amma magani daban. A 2006 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan bayan wani matafiyi da yake shan Dilacor, wanda a Amurka diltiazem ne na hawan jini, maganinsa ya ƙare a ƙasar Sabiya ya je famasi ya faɗi sunan, aka ba shi Dilacor na can wanda digoxin ne na ciwon zuciya, ƙarshenta sai da aka kwantar da shi a asibiti. Flomax a Amurka na masu matsalar fitsari ne saboda kumburin furostet, a Italiya kuwa sunan maganin ciwo da kumburi ne.

Wani maganin ma halal ne a nan haramtacce a can. Metamizole, wanda aka fi sani da Novalgin ko Analgin, Amurka ta hana shi tun 1977 saboda yana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, hukumar NAFDAC ta Najeriya ma ta hana shi a 2005, amma a Jamus da Barazil har gobe ana amfani da shi.

Paracetamol da ɓoyayyen ninki

Babban mutum mai lafiyar hanta iyakarsa giram 4 a awa 24, wato ƙwaya 8 masu 500, kuma a bar tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai ƙaramin jiki, tsoho, mai ciwon hanta ko mai shan giya nasa bai kai haka ba. Matsalar ita ce paracetamol yana ɓuya a cikin magunguna da yawa da ba sa ɗauke da sunansa a goshi, yawancin magungunan mura irin su Procold da Mixagrip akwai shi, Ibucap akwai shi haɗe da ibuprofen da sinadarin caffeine, co-codamol na Ingila shi ne da kodin, Percocet na Amurka shi ne da oxycodone. Mutum ya sha Panadol da safe, ya sha na mura da rana, da daddare ya tsaya kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki a ƙulle masa ƙwayoyi huɗu biyar a leda ba suna ba kwali, to lissafi ya riga ya ɓace. Gubar paracetamol kuma ba ta nuna kanta da wuri, rana ta farko ƙila tashin zuciya ne kawai, sai bayan kwana biyu zuwa uku hanta ta fara gazawa. Saboda haka ne ma Birtaniya tun 1998 ta taƙaita fakitin da ake sayarwa, ƙwaya 16 a shago, 32 a famasi.

Masu rage kumburi

Wannan dangin su ne ibuprofen da ake sayarwa da sunan Brufen, Nurofen, Advil ko Motrin, da diclofenac mai sunan Voltaren ko Cataflam, da piroxicam wato Feldene, da naproxen, da asfirin wanda shi ne a cikin garin Alabukun. Suna aiki sosai ga ciwon gaɓoɓi, shi ya sa leburori da 'yan dako da masu tuƙa adaidaita suka mai da su maganin gajiya na kullum. Amma shan su kullum yana cinye bangon ciki ya kawo olsa, wani lokacin har zubar jini a ciki ba tare da wani ciwo mai tsanani ba, alamar kawai bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. Suna takura ƙoda musamman ga wanda yake aiki cikin rana yana zufa bai shan ruwa sosai, suna ɗaga hawan jini, kuma suna ƙara haɗarin bugun zuciya, dalilin da ya sa kenan aka janye wani ɗan danginsu mai suna Vioxx daga kasuwa a 2004. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi, illa kawai yake ninkawa, kuma sunayen kasuwa ne suke jawo hakan don mutum bai san Cataflam da Voltaren abu ɗaya ba ne. Wanda dole sai ya daɗe a kansu likita kan ba shi mafi ƙarancin da zai yi aiki, ya haɗa masa da omeprazole don kare ciki, ana kuma duba ƙoda da awon jini lokaci-lokaci. In ciwon a gwiwa ne ko hannu na shafawa ya fi sauƙin illa. Mai ciki da ya wuce sati 20 ana so ta kauce musu sai da izinin likita.

Wani abin da mutane ba su cika sani ba, maganin ciwon kai da kansa yana kawo ciwon kai. Wanda yake shan paracetamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu kodin kwana 10, har sama da wata uku, kan na iya komawa yi masa ciwo kusan kullum, kuma ba ya warkewa sai an janye maganin.

Tramol, kodin da danginsu

Tramadol a Jamus aka fara sayar da shi a 1977 da sunan Tramal, a Amurka Ultram ne, a bakin titi kuma tramol. Iyakarsa a likitance miligiram 400 a rana, wanda aka amince da shi a Najeriya mai 50 da mai 100 ne, masu 225 ɗin nan da ake kamawa kwantena-kwantena ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, yawansa kuma yana jawo farfaɗiya. Maganin tari mai kodin gwamnatin Najeriya ta hana shi a watan Mayun 2018, Faransa ta mai da kodin sai da takardar likita a 2017, a Ingila ana sayar da mai ƙaramin ƙarfi a famasi amma an rubuta kar a wuce kwana uku. Binciken da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin UNODC na Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 suna shan irin waɗannan ba bisa umarnin likita ba. Wasu masu sikila kuma tasu jarabar allurar pentazocine ce, Fortwin ko Sosegon, wadda ake farawa da ita saboda ciwo na gaskiya daga baya jiki ya saba.

Jiki ya saba da magani ba shi ne shaye-shaye ba, ko wanda yake bin ƙa'ida sau da ƙafa in ya daɗe jikinsa zai saba, in ya tsaya farat ɗaya sai zufa da gudawa da rashin barci da ciwon jiki su taso masa. Don haka a hankali ake ragewa, ƙa'idar hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta 2022 ta ce wanda ya shekara yana sha a rage masa wajen kashi 10 cikin 100 a wata ko ma ƙasa da haka. Ba a haɗa su da diazepam ko giya don numfashi na iya tsayawa, kuma wanda ya daina na ɗan lokaci in ya koma kan adadinsa na da shi ne ya fi shiga haɗari saboda jikin ya riga ya sauka.

Tafiya da magani

Alhazai da masu zuwa asibiti Masar ko Indiya ko Dubai abin da ake ba su shawara shi ne su riƙe magani a kwalinsa na asali, da takardar likita mai ɗauke da sunan asali da ƙarfin ƙwaya da yadda ake sha, ba sunan kasuwa kawai ba. Saudiyya da Daular Larabawa suna da tsauri a kan tramadol da kodin, Masar ma haka, a 2017 kotu a can ta yanke wa wata 'yar Birtaniya ɗaurin shekara uku saboda an same ta da ƙwayar tramadol kusan 290 a jaka, wadda ta ce ta kawo wa mai ciwon baya ne.