Wa Ya Ba Ka Kuɗin Kamfe? Matsayin Doka Kan Yi wa Ɗan Takara Tambaya a Taro

Mutum yana da ikon miƙewa a taron ɗan takara ya tambaye shi su waye suka ba shi kuɗin yaƙin neman zaɓe. Amma doka ba ta tilasta wa ɗan takarar ya amsa masa a wurin ba. Mutane da yawa sukan haɗe waɗannan abubuwa biyu, shi ya sa ko dai su ji tsoron tambayar gaba ɗaya, ko kuma su ɗauka cewa shirun ɗan siyasa laifi ne da za a iya kai shi ƙara a kai.

Tushen 'yancin tambayar yana cikin Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa Kan 'Yancin Jama'a da na Siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ta fara aiki a 1976. Sashe na 19 bai tsaya ga 'yancin faɗin albarkacin baki ba, ya haɗa da 'yancin neman bayani da karɓarsa da yaɗa shi. Sashe na 25 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa damar shiga harkokin mulkin ƙasarsa. Tambaya kan kuɗin kamfe ta faɗo cikin dukkansu biyu.

To, idan ba dole ya amsa a taro ba, ina dolen take? Tana wajen hukumar zaɓe. A ƙasashen da ke da dokar bayyana kuɗi, abin da aka ɗora wa ɗan takara ko jam'iyyarsa shi ne miƙa rahoto a rubuce: nawa ya shigo, daga hannun wa, me aka yi da shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yaƙi da cin hanci ta 2003 ta taɓo batun a sashe na 7, sai dai da lafazi mai laushi ƙwarai. Cewa ta yi ƙasashe su duba yiwuwar ɗaukar matakan fito da kuɗin 'yan takara fili, ba ta ce lallai su yi ba. Saboda haka kowace ƙasa da tata. A Amurka duk wanda ya ba ɗan takarar tarayya sama da dala 200, sunansa da sana'arsa da wurin aikinsa za su fito a rahoton da ake miƙa wa Hukumar Zaɓe ta Tarayya, kuma kowa zai iya buɗewa a intanet ya karanta. Afirka ta Kudu ba ta samu irin wannan doka ba sai da Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukunci a 2018 cewa sanin masu ba jam'iyyu kuɗi wani ɓangare ne na 'yancin jefa ƙuri'a. Dokar ta fara aiki a 2021, inda a lokacin aka wajabta bayyana duk gudummawar da ta haura rand 100,000. A Indiya ma, a watan Fabrairun 2024 Kotun Ƙoli ta soke tsarin takardun gudummawa na banki da ke ɓoye sunan mai bayarwa, bisa hujjar cewa ya tauye haƙƙin masu zaɓe na sanin gaskiya.

A ganina nan ne amfanin dokar yake ga mai tambaya. Wanda ya tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, kana karɓar kuɗin manyan kamfanoni?" ya buɗe wa ɗan siyasa ƙofar fita da hannunsa. Ɗan takarar majalisar Amurka zai iya dafa ƙirji ya ce bai taɓa karɓar ko sisin kamfani ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin tun 1907 doka ta hana kamfanoni ba 'yan takarar tarayya kuɗi kai tsaye. Kuɗin ta wata hanya yake bi: ta hannun shugabannin kamfanin a matsayinsu na ɗaiɗaiku, ta kwamitin siyasa na ma'aikatansa, ko ta ƙungiyoyi masu zaman kansu waɗanda tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 a shari'ar Citizens United suke kashe kuɗi ba iyaka wajen tallata ɗan takara, muddin ba su tsara da shi ba. Wanda ya karanta rahoton kafin ya zo, tambayarsa daban take: "Ranka ya daɗe, rahotonka ya nuna gudummawa daga kwamitin masu kamfanonin magani, ga shi ƙudirin farashin magani yana gabanku. Za ka goyi bayansa ko a'a?" Wannan ba ta da wurin zillewa. Ko ya amsa, ko jama'a su ga ya kauce, kuma kaucewar ma amsa ce.

Batun wuri shi ne inda aka fi samun rikici. Taro a buɗaɗɗen fili ko zaman jin ra'ayin jama'a da hukuma ta shirya, kariyar mai tambaya a nan ta fi ƙarfi. Zauren da jam'iyya ta kama haya kuwa, a mafi yawan ƙasashe hukuncinsa na wurin mai zaman kansa ne, ko da an ce kowa ya zo. Masu taro suna iya zaɓar wanda za a miƙa wa makirufo, suna iya cewa ka fita. Da zarar an ce ka fita ka ƙi, maganar ta tashi daga tambaya ta koma zama a wurin mutane ba da izini ba, kuma a kan wannan ake kama mutum, ba a kan abin da ya tambaya ba. Haka nan hana taro ci gaba ta hanyar yin ihu ko toshe hanya. Sashe na 19 ɗin da ya ba da 'yanci shi ne kuma ya yarda a taƙaita shi da doka don kare zaman lafiya da mutuncin wasu.

Mutuncin wasu ɗin nan shi ya kawo mu ga ɓata suna. "Wane ne ya ba ka?" tambaya ce. "Kai ɓarawo ne, an saye ka" zargi ne, kuma saka alamar tambaya a ƙarshensa ba lallai ya wanke shi a gaban alƙali ba. Duk da haka kotuna sun daɗe da cewa ɗan siyasa ba kamar kowa ba ne. Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam, a shari'ar ɗan jarida Lingens da ƙasar Ostiriya a 1986, ta ce wanda ya shiga siyasa ya miƙa kansa ga bincike, dole ya jure sukan da ya fi na sauran mutane. Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha a Tanzaniya ta bi wannan hanya a 2014, inda ta ce ɗaure ɗan jarida Lohé Issa Konaté da Burkina Faso ta yi kan ɓata sunan wani mai gabatar da ƙara ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Sai dai har yanzu akwai ƙasashe masu yawa da ɓata suna yake cikin laifuffukan da ake hukunta mutum a kansu, don haka adadin da za ka ambata a gaban jama'a ya kasance wanda ke cikin rahoton hukuma, ba wanda ka tsinta a WhatsApp ba.

Idan kuma abin da ɗan takara ya faɗa a taron ya saɓa wa abin da ya rubuta a rahotonsa, ko kuma bai miƙa rahoton ba sam alhali wa'adi ya wuce, wannan ya zama batun da za a rubuta wa hukumar zaɓe ƙorafi a kai, tare da kwanan watan taron da ainihin kalmomin da ya furta.