Kare ji a tiyatar ƙarin jijiyar kunne

Ƙarin jijiyar kunne, wanda likitocin Yamai kan kira nerinom, tsiro ne da ba na daji ba. Yana fitowa daga rigar da ta lulluɓe jijiya ta takwas ta cikin kai, mai kai sauti da saƙon daidaiton jiki zuwa ƙwaƙwalwa. A hankali yake girma, galibi a kunne ɗaya: ji ya ragu, kunne ya riƙa ƙugi, wani lokaci har da jiri.

Tarihi

Eduard Sandifort na ƙasar Holan ya bayyana ƙarin a jikin gawa a 1777. Cirewa ta farko da aka yi nasara ana danganta ta ga Charles Ballance a Landan wajen 1894, wasu kuwa sun ce Thomas Annandale ne a 1895. A wancan zamani ba a zancen ji, rai ake nema, domin yawancin waɗanda aka yi wa aikin ba su tashi ba. Harvey Cushing na Amurka ya rage mace-mace ta hanyar ƙwaƙule cikin ƙarin ya bar ɓawonsa, sai almajirinsa Walter Dandy ya dage a cire shi duka.

Wanda ya sauya al'amarin shi ne William House, likitan kunne a Amurka. Wajen 1961 ya shigo da madubin ƙara girma cikin aikin, ya ɓullo ta saman kunne, inda ake iske ƙarin ba tare da an rushe kunnen ciki ba. Tun daga nan ceton ji ya zama abin da likita zai iya sa wa gaba, kuma House ya cancanci yabon da ake masa.

Hanyoyin aiki

Hanya uku ce. Ta saman kunne ta dace da ƙaramin ƙari, ta bayan kunne tana ɗaukar babba, ta cikin ƙashin kunne kuwa dole ji ya tafi. Abin tsoro shi ne jan jijiyar ko toshewar siririyar jijiyar jini mai ciyar da kunnen ciki. Shi ya sa ake sa wa majiyyaci sauti a kunne yana cikin barcin allura, na'ura tana nuna amsar ƙwaƙwalwa. Ana kuma tsaron jijiyar fuska, kada baki ya karkace.

Ma'aunin Gardner da Robertson na 1988 ya ɗauki ji a matsayin mai amfani idan rashin jin bai wuce desibel 50 ba (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), kuma mutum na gane aƙalla rabin kalmomin gwaji. Gwajin nan sai da harshen da majiyyaci ke ji. Ba'adaren da ba ya jin Faransanci, in aka karanta masa kalmomin Faransanci, zai faɗi gwajin ko da kunnensa lafiya lau.

Tsakanin tiyata, gasa ƙarin da hasken na'ura, da zuba ido ana maimaita ɗaukar hoton ƙarin, likitoci ba su daidaita kan wanda ya fi kare ji ba.

A Nijar

Hoton IRM (MRI da Turanci), wanda na'urar maganaɗisu ke ɗauka na cikin kai, shi ne ke tabbatar da ƙarin. Majiyyaci daga Tawa ana iya tura shi Yamai, inda ake da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa. In ƙarin ya riga ya girma, da wuya a ceci jin.