Bindigar farauta a arewacin Kamaru: abin da doka ta yanke kafin a zo maganar kuɗi

Da kaka ta wuce ciyawa ta fara bushewa, tambayar da ke yawo tsakanin mafarauta a Garwa da Marwa da Ngaundere ita ce: in sayi bindiga mai araha, ko in daure in tara in sayi mai tsada? A Kamaru doka ta riga ta amsa rabin tambayar nan tun kafin mutum ya sa hannu a aljihu, domin irin bindigar da ka riƙe ita ke nuna irin takardar farautar da za a ba ka, takardar kuma ita ke nuna dabbar da za ka harba.

Izini biyu ne, daga ma'aikatu biyu. Na farko izinin saye da riƙe bindigar kanta. Dokar makamai mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai gida takwas, bindigogin farauta da harsasansu suna gida na biyar, kuma ma'aikatar harkokin cikin gida, MINAT, ita ke ba da izininsu. Izinin ake fara samu, sannan a sayi bindiga a shagon da hukuma ta yarda da shi. Ma'aikatar tana iya rufe ƙofar ma gaba ɗaya: a Afrilun 2018 ta dakatar da sayar da bindigogin farauta da harsasai a jihohi shida, har da Adamawa. Izini na biyu shi ne na farauta, daga ma'aikatar gandun daji da namun daji, MINFOF. Mai bindiga da takardarta cif, in ba shi da wannan na biyun, ɓarawon daji ne a idon doka ranar da ya harbi zabo.

A nan ne maganar araha da tsada ta haɗu da doka. Umarnin firaminista na 20 ga Yuli 1995 ya kasa takardar farauta uku, ya ɗaura kowace a kan faɗin bakin bindiga. Ta ƙaramar farauta ana ba mai bindigar da cikin bututunta sumul yake, irin kalibar 12 da kowa ya sani, ko mai karabin, wato bindiga mai layi-layi a cikin bututu, da bakinta bai kai milimita 6 ba, kamar .22 wadda take milimita 5.6. Ta matsakaiciyar farauta sai mai karabin da ke tsakanin milimita 6 da 9, misali .30-06, milimita 7.62. Ta babbar farauta kuwa sai wadda ta haura milimita 9, irin .375, milimita 9.5, wadda ake tunkarar ɓauna da ita. Saboda haka wanda burinsa zabon daji da zomo ne, babbar karabin ba za ta ƙara masa komai ba sai tsadar harsashi da lalata nama. Wanda kuma ya ɗauki kalibar 12 ya nufi gwanki ko ɓauna ya yi kuskure biyu: takardarsa ba ta kai can ba, kuma ƙananan ƙwayoyin darma ba sa kashe babbar dabba, raunata ta suke yi. Ɓauna mai rauni ta shiga ciyawa, wanda zai gamu da ita gobe wataƙila makiyayi ne ko mace mai neman itace.

Mafi araha a kasuwa ita ce ƙirar maƙera, kuma ita ce wadda muke roƙon mutane su rabu da ita. Dokar daji ta 20 ga Janairu 1994, wadda sabuwar doka ta maye gurbinta a 2024, ta ambaci bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki a cikin makaman da aka hana farauta da su. Wadda maƙeri ya ƙera don ta ci harsashin kalibar 12 kuwa, ƙira ce ba da izini ba, ba ta da lambar masana'anta, ba abin da za a rubuta a takarda. Wasu na cewa ai farautar gargajiya ce. A'a. Farautar gargajiya a ma'anar umarnin 1995 ita ce wadda ake yi da kayan da aka haɗa daga tsirrai, don cin gida kawai, a kan ƙananan dabbobi. Bindiga ba ta ciki. Ga kuma haɗarin jiki: bututun masana'anta ana gwada shi da harbin da ya fi na yau da kullum ƙarfi kafin a buga masa hatimi, na maƙera ba wanda ya gwada shi. Inda yake fashewa kusa da mazaunin harsashi ne, daidai inda hannun hagu da fuskar maharbi suke.

Tsakanin ƙirar maƙera da bindigar masu kuɗi akwai fili mai faɗi. Mai baki ɗaya ta masana'anta, irin Baikal ta Rasha ko tsohuwar Simplex ta Faransa, tana kashe zabo a nisan mita 30 zuwa 35 kamar yadda mai baki biyu da ta ninka ta kuɗi za ta yi. Abin da ƙarin kuɗin ke saya maka shi ne harbi na biyu nan take, kunama mai laushi, makulli mai jure shekaru, da katako mai kyau. Nisa ba ya ƙaruwa. A karabin ne tsada ta fi nuna kanta, musamman a madubin hange: mai araha yakan goce bayan 'yan harbe-harbe, sai ka auna kafaɗa ka samu ciki.

Idan ta hannu za ka saya, ka duba ta da rana. Karya ta, ka ɗaga bututun sama wajen haske: in ka ga ramukan tsatsa, ko zobe mai duhu a ciki wanda alamar kumbura ne, ka bar ta. Shafa yatsa a bayan bututun daga gindi har baki, in ka ji tudu ko lotsawa, haka nan. Rufe ta ka girgiza. In bututun yana motsi a jikin makulli, ta sassauta. Ba harsashi a ciki, ɗana ta, sa makullin kariya, ka ja kunama: kada ta faɗi. Karanta abin da aka buga a gindin bututun, 12/70 ko 12/76. Harsashi mai tsawon milimita 76 yana shiga mazaunin 70 lafiya lau, amma in ya tashi bakin kwanson ba ya samun wurin buɗewa, matsi ya hau fiye da ƙima. Sannan lambar jikin bindiga ta zo daidai da ta takarda, harafi da harafi. Izinin riƙe bindiga na mutum ɗaya ne da sunansa. Takardar mai sayarwa ba ta bin bindigar zuwa hannunka, ta mahaifi ma ba ta zama ta ɗa don an raba gado. Sai an koma wurin hukuma.

Tsada kuma ba ta halatta abin da aka hana. Dokar 1994 ta hana farauta da makaman yaƙi da duk bindigar da ke sakin harsashi fiye da ɗaya a jan kunama guda. Ta hana farautar dare da fitilar goshi, da bin dabba da mota, da cinna wa daji wuta, da guba. Ba a farauta a cikin gandun Waza, Benuwe, Faro ko Buba Njida. Yankunan farauta da ke kewaye da na jihar Arewa ma yawancinsu a hannun masu haya suke, ba a shiga kai tsaye. Dabbobi aji uku ne: ajin A, irin raƙumin dawa, ba a taɓa su, ajin B, irin ɓauna da gwanki, sai da takarda da harajin kowace dabba, ajin C su ne sauran. Wanda aka samu da fata ko naman dabbar ajin A ko B, ana ɗauka shi ya kashe ta. A tsohuwar doka kashe dabbar da aka kare yana jawo ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10. Dokar 24 ga Yuli 2024 da ta maye gurbinta ta kai hukuncin har shekara 20 da sefa miliyan 50.

Kafin ka biya ko sisi a shago, ka je ofishin MINFOF na yankinka ka faɗa musu dabbar da kake nufi, su gaya maka takardar da ta dace da ranar buɗe farauta ta bana, domin minista ke sanar da ita kowace shekara. Abin da umarnin 1995 ya nema a haɗa shi ne takardar buƙata mai tambari, kwafin izinin bindiga, rasidin harajin bindiga, kwafin katin ɗan ƙasa, hotuna biyu, takardar likita, da rasidin kuɗin takardar farautar. Ka lissafa waɗannan da kuɗin harsashin shekara, abin da ya rage shi ne kuɗin bindigarka.